Ƙasar Bangon Inna

Ruwan da ya gangaro daga tudu a tsakiyar damina ya cinye gidaje da dama a unguwar. Ya shiga gidan Mai Katako ya kwashe kicin da katangar baya, amma ya bar ɗakin Inna a tsaye. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗakin a jingine yake da wani ƙaton dutse da ya riga unguwar zama a wurin, ruwan kuwa da ya bugi dutsen sai ya rabu biyu, ya bi dama da hagu. Duk wanda ya taɓa zuba ruwa a kan kifaffiyar tukunya ya san haka ruwa yake yi.

Sai dai mutanen da suka koma kwana a azuzuwan makaranta da jiƙaƙƙun kaya ba irin wannan bayanin suke nema ba. Wata mata ce ta fara cewa, "Ruwan nan kunyar tsohuwar ya ji." Kafin laka ta bushe, maganar ta zagaye unguwa. Wasu dattawa suka tuna cewa tun suna yara ake faɗin dutsen nan ba banza yake ba. Da ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙarƙashinsa, siriri, mai sanyi, sai aka ce ai magana ta ƙare: ga dutse, ga marmaro, ga baiwar Allah a tsakani.

Inna ita ce mahaifiyar Mai Katako. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba ta tashi sai an kama ta. Abin da ta fi so a duniya shi ne a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da hantsi, ta miƙe ƙafa a rana tana jan carbi har gyangyaɗi ya ɗauke ta. Mai yi mata wannan hidimar surukarta ce, wadda kowa ke kira Uwar Biyu.

Ita ce ta fara lura da cewa marmaron da ake ta yabo ba a waje kaɗai ya tsaya ba. Yana bin gindin bango yana shigowa ɗakin. Bangon ya yi duhu har zuwa gwiwa, ƙafafun gadon sun fara fumfuna, in ka ɗaga katifa sai wari ya buge ka. Ta jira mijinta ya gama cin abinci, sannan ta zauna kusa da shi.

"Baban Biyu, ɗakin Inna ya jiƙe. A mayar da ita ɗakin gaba."

"Ɗakin gaba? Ba ki ga abin da ke ciki ba?"

Ta gani. Tun da jama'a suka naɗa shi shugaban kwamitin agaji, saboda a cewarsu gidansa ne gidan da aka tsare, ɗakin gaba ya cika da barguna da tabarmi da buhuna. Shi ne ɗaki mafi bushewa a gidan.

"A matsar da bargunan gefe. Gado ɗaya ne."

"Kayan jama'a ne, amana ce. Kuma ke, yanzu in aka ji na fitar da Inna daga ɗakin da Allah ya tsare ta, me za a ce? A ce ban gode ba?"

"A ce ka ga ruwa a ƙarƙashin gadon uwarka."

"Za a shimfiɗa leda. Bari dai damina ta wuce."

Aka shimfiɗa leda. Ruwan ya bi ta ƙarƙashinta, ya fito ta gefe.

Ɗibar ƙasa kuwa da tausayi ta fara. Wata bazawara da gidanta ya rushe ta zo gaishe da Inna, ta durƙusa tana kuka, ta ce tana sake tayar da ɗaki, tana son ɗan kaɗan daga ƙasar bangon nan ta sa a tushen ginin. Inna ta dube ta, ta dubi bangon.

"Ɗiba, baiwar Allah. Ƙasa ce. In ita za ta sa ki yi barci, ɗiba."

Matar ta sa farce ta kankari ɗan kaɗan daga inda ya jiƙe, ta ƙulle a bakin zanenta. Washegari mata uku suka zo. Bayan su sai aka daina ƙirgawa. Kowa ɗan kaɗan yake so, kowa kuma daga ƙasa yake so, inda ruwan marmaro ya taɓa, domin a ganinsu nan ne albarkar ta taru.

Yaya Babba, yayar Mai Katako, ita ma ruwa ya ci gidanta, ta dawo gidan da zama. Mace ce mai son tsari, kuma ba ta jure ganin mutane suna kartar bango kamar kaji. Ta ɗauko kujera ta ajiye a ƙofar ɗakin, ta ɗauko cokalin shayi.

"Daga yau ba mai sa hannu. Ni zan ɗiba. Cokali ɗaya kowa, babu ƙari, ko ke matar wane ce."

Da zuciya ɗaya ta yi haka. Ta ɗauka bangon take tsarewa. Amma farce yana gajiya, cokali ba ya gajiya. Kuma da aka ji abin ya samu tsari, har da layi da mai rabo, sai mutanen wasu unguwanni suka fara zuwa.

Inna ta fara tari. Da farko ƙaramin tari ne na safiya, daga baya ya koma mai tasowa daga can cikin ƙirji, wanda in ya kama ta sai ta riƙe ƙarfen gado. Baƙi suna shiga suna fita, suna durƙusawa, suna cewa ta sa musu albarka, tana amsawa tsakanin tari da tari. Wata rana ta gaji ta ce da wasu mata:

"Ku daina, don Allah. Ni ba kowa ba ce. Ranar ruwan nan ihu na yi ta yi, ko addu'a ɗaya ban iya kawowa ba. Ku tambayi 'yar nan, ita ta same ni ina kiran uwata da ta daɗe a ƙasa."

Matan suka dubi juna suna jinjina kai. Yaya Babba ta ce, "Kun ji ko? Haka suke. Ba sa taɓa yarda da bakinsu."

Abin da ya fi cin ran Uwar Biyu shi ne maganar rana. Da hantsi baƙi sun cika ƙofa, ba a fitar da Inna, wai kada mutum ya taso daga nesa ya tarar da ɗaki babu kowa. In kuma hadari ya haɗo, sai ka ji muryoyi ta bayan sabuwar katanga:

"Masu gida, Inna na ciki?"

"Tana ciki," in ji Yaya Babba.

"To alhamdu lillahi."

Sai kowa ya koma gidansa da kwanciyar hankali. A lokacin ne kuwa ɗakin ya fi muni. Ruwan sama na sauka, marmaro na ƙaruwa, Uwar Biyu na durƙushe da tsumma tana matsewa a bokiti, Inna na kan gado da ƙafafu kamar ƙanƙara.

"'Yar nan, yau an yi rana?"

"An yi da safe, Inna."

"Ban gan ta ba."

"Gobe zan fitar da ke."

Goben ta zo, Yaya Babba ta ce akwai baƙi. Wata goben ta zo, aka ce gajimare ya yi yawa, mutane za su tsorata.

Uwar Biyu ta yafa mayafi ta tafi wurin Liman. Ya saurare ta har ta gama, yana girgiza kai.

"Gaskiyarki. Ba ƙasa ke tsarewa ba, ba dutse ba, ba tsohuwa ba. Allah ne mai tsarewa. Ai na faɗa a huɗuba."

"Malam, huɗuba a masallaci take. Cokalin a gidanmu yake. Da za ka zo ka faɗa a ƙofar ɗakin, da sun ji."

Liman ya gyara zama. "Ki duba, mutanen nan sun rasa gidaje, wasu sun rasa 'ya'ya. Abin da suke riƙe da shi ke nan. In ka fizge shi lokaci ɗaya, sai su faɗi. A hankali ake bi. Mijinki kuma mutum ne mai ƙoƙari, shi ya ba da katakon rufin masallacin nan. Ba zan je gidansa in kunyata shi a gaban jama'a ba."

"To bangon fa?"

"Ki yi haƙuri, ki yi ta addu'a. Zan same shi mu yi magana a keɓe."

Tana fita ta haɗu da matar Liman a tsakar gida, suka gaisa. Matar ta rage murya ta ce, "In kin koma ki ce da Yaya Babba ta ajiye min nawa. Ba don komai ba, ɗakin yaran ne ke tsagewa."

Ko an yi maganar a keɓe, ko ba a yi ba, babu abin da ya canza. Ramin da ke gindin bangon ya yi zurfi har kana iya sa hannu zuwa wuyan hannu, ya kuma yi tsawo daga kusurwa zuwa kusurwa, domin in wuri ya yi tauri Yaya Babba matsawa take gaba. Wata tsaga ta taso daga ramin ta nufi taga. Uwar Biyu ta ja mijinta har cikin ɗakin ta nuna masa.

Ya duba, ya taɓa. Mutum ne da ya san gini, katako yake sayar wa magina. Ta ga ya gane, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Zan sa a tokare shi da katako ta waje," in ji shi.

"Ka fitar da ita, sannan ka tokare."

"Ke kina ganin abin da sauƙi. Jiya mutum ya riƙe hannuna a kasuwa yana kuka, ya ce tun da ya sa ƙasar nan matarsa ta fara barci. Unguwa gaba ɗaya ta jingina da ɗakin nan. In na fitar da Inna, aka yi ruwa, gida ɗaya ya faɗi, wa za a kama?"

"In bangon ya faɗi a kanta fa, wa za a kama?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Uwata ce fa. Kin fi ni son ta ne?"

Inna ta yi tari daga kan gado, ta ce, "Ku daina faɗa a kaina. Yaron nan, ni dai sanyi nake ji."

Ya durƙusa gabanta. "Ki ƙara haƙuri, Inna. Saura kaɗan damina ta wuce."

Da yamma ya dawo da maganin tari da sabon bargo, ya lulluɓe ta da hannunsa, ya daɗe zaune a bakin gadon. Ba a tokare bangon ba. Yaya Babba ta ce katako a jikin ɗakin zai nuna kamar ba a yarda da shi ba, shi kuma bai musa ba.

Ranar da abin ya faru sama tas take, babu ko ɗigon gajimare. Mai Katako ya tafi makaranta rabon barguna. Yaya Babba ta tafi duba wata ƙawarta da ba ta da lafiya, ta ce wa baƙi su dawo bayan azahar, ta sa cokalinta a kan taga. Uwar Biyu ta leƙa ɗakin ta ga Inna na numfashi da ƙyar, leɓenta ya yi fari. Ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta dawo ta juya baya ta durƙusa.

"Hau, Inna."

"Babba za ta yi faɗa."

"Ta yi da ni."

Ta goya ta kamar yarinya, ta ji ba ta da nauyin komai. Ta sauke ta a rana, ta jingina ta da filo, ta miƙe mata ƙafafu. Inna ta rufe ido ta ɗaga fuska sama. Can ta yi 'yar dariya.

"Ashe tana nan. Na ɗauka ruwan ya tafi da ita."

Uwar Biyu ta ɗauko man zafi tana shafa mata a gwiwa. Suna nan zaune, Inna ta fara gyangyaɗi, sai suka ji wani sauti kamar ana yaga tsohon zane. Bangon ya durƙusa daga gindi, daidai layin ramin, sannan ya kwanta ciki gaba ɗaya. Rufin ya biyo shi. Da ƙura ta lafa, ƙafar gado ɗaya ce kawai ke leƙowa daga cikin ƙasa.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Carbina na ciki."

Kafin a jima gidan ya cika. Uwar Biyu tana tsaye tana jira wani ya ce an gode Allah da aka fitar da ita. Wasu sun faɗa. Amma wata murya daga baya ta ce, "Yaushe aka fitar da ita?" Aka ce yanzun nan. "To kun gani. Tana fita, ya faɗi."

Maganar ta bi bakin mutane kamar yadda ta farko ta bi. Yaya Babba ta shigo da gudu, ta rungume Inna tana kuka, sannan ta juyo.

"Ke wa ya aike ki? Ambaliya ba ta kayar da ɗakin nan ba, sai ke."

Uwar Biyu ta taka kan ɓaraguzan, ta tono cokalin inda taga ta faɗi, ta miƙa wa mijinta da ya iso yana haki.

"Ga abin da ya kayar da shi. Ka sani, ka taɓa ramin da hannunka."

Mai Katako ya dubi cokalin, ya dubi jama'ar da suka zuba masa ido. Bai karɓa ba.

"Tun yaushe ake ɗiba bai faɗi ba, sai yau?" in ji shi. "Ki shiga ciki. Ma yi magana."

Ta shiga. Ta leƙa ta taga ta ga mata sun fara cika kwanoni da ƙasar da ta zube, yanzu babu cokali, babu layi.

Tun da babu inda za a sa Inna, aka buɗe ɗakin gaba. Matsar da bargunan bai ɗauki lokacin da ake ɗauka a sha kofin shayi ba. A 'yan kwanakin da ta yi a nan tarin ya lafa, ta fara cin abinci, har ta koma tsokanar 'yan biyun tana ce musu mazajenta marowata, ko sabon carbi sun kasa saya mata. Kullum da hantsi tana tsakar gida. Uwar Biyu, wadda maƙwabta suka rage amsa gaisuwarta, ta ce a ranta ko ba komai an samu wannan.

Amma a bayan gida ana aiki. Jama'a suka haɗu, maza da mata, suka ce ba za a bar unguwa a buɗe ba alhali damina ba ta ƙare ba. Ba a taɓa ganin haɗin kai irin wannan ba: mai kwaɓa ƙasa, mai ɗauko ruwa, mai miƙa tubali. Gidajen wasu daga cikinsu har lokacin a rushe suke. Aka tayar da ɗakin a inda yake, a jingine da dutsen, a kan marmaron. Wani ya kawo shawarar a sa siminti a gindi, aka ce a'a, ba a gauraya ƙasar da wani abu. Liman ya zo ya yi addu'a, ya tunatar da cewa Allah ne mai tsarewa, kowa ya ce amin.

"Baban Biyu, ko bushewa bai yi ba," in ji Uwar Biyu.

"Sabon gini ne, ya fi na da ƙarfi."

"Ka ga yadda ta samu sauƙi a ɗakin gaba."

"Na gani. Jama'a sun zuba guminsu, in ce musu me? Saura kaɗan damina ta wuce."

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, muryoyi suka fara tasowa ta bayan katanga. Mai Katako da kansa ya ɗauki mahaifiyarsa, a hankali, cikin ladabi, ya kai ta sabon ɗakin. Inna ta riƙe wuyansa kawai.

Babu wanda ya daki Inna a gidan nan, babu wanda ya zage ta ko ya hana ta abinci. Durƙusa mata ake yi. Ɗanta yana son ta, 'yarta tana son ta, unguwa tana ambaton ta a addu'a. Kowa cokali ɗaya ya ɗiba, kowa kuma yana da dalilin da in ka saurara za ka tausaya masa. Amma tsoron unguwa guda an ɗauke shi an ɗora a ƙirjin tsohuwar da ba ta iya tashi da kanta, aka sa masa suna albarka, saboda da wannan sunan babu wanda zai ji kunyar abin da yake yi. Wanda ya ga tsaga ya yi shiru ya fi wanda bai gani ba laifi, kuma a gidan nan babu wanda bai gani ba.

Da safe Uwar Biyu ta kai ruwan zafi. Ɗakin na warin ɗanyar ƙasa, ledar ta riga ta jiƙe. Yaya Babba na kan kujerarta a ƙofa, mata sun fara layi. A gindin sabon bangon akwai gurbin cokali guda, mai santsi, domin ɗanyar ƙasa ba ta gardama.

Inna ta yi tari mai tsawo, ta kama hannun surukarta.

"'Yar nan, rana ta fito?"

"Ta fito, Inna."

"To, in kin fita ki gaishe min da ita."